Sauya babur a fagen tsere: Tarihinsa, dokokinsa da haɗarin da ke tattare da shi

A tseren babura na ƙwararru, akwai lokutan da mahayi ke sauka daga kan babur ɗaya ya hau wani, ya ci gaba da fafatawa a fili guda kuma a rana guda. Hakan na faruwa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce mahayi ya shiga tsere biyu ko uku a jere, kowane da irin babur ɗin da dokar rukuninsa ta tanada. Ta biyu kuwa ita ce ya sauya babur ana tsakiyar tsere, galibi saboda saukar ruwan sama ko ɗaukewarsa. Mai kallo zai iya ɗaukar abin kamar yadda ɗan wasan ƙwallon dawaki a Katsina ko Kaduna ke sauya doki tsakanin zango da zango. Sai dai a nan gudun kan haura kilomita 300 a sa'a, kuma kuskuren 'yan mitoci wajen taka birki na iya jawo asarar kambun duniya, wani lokaci ma har da rai.

Yadda aka kasa tseren

Ana raba gasar babura rukuni-rukuni bisa girman inji, wanda ake aunawa da ma'aunin cc. Domin kwatance, baburan haya irin su Bajaj Boxer da suka cika titunan Najeriya injinsu bai wuce kimanin cc 100 ba. Lokacin da Hukumar Tseren Babura ta Duniya, FIM, ta ƙaddamar da gasar cin kofin duniya a 1949, rukunan babur na mutum ɗaya guda huɗu ne: 125, 250, 350 da 500. Daga baya aka ƙara rukunin 50 a 1962. Duk waɗannan ana gudanar da su a fili ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ana gama wannan a shiga wancan. Wannan tsari ne ya buɗe ƙofar da mahayi ɗaya zai yi rajista a rukuni fiye da ɗaya.

Dalilan yin hakan a bayyane suke. Kamfanonin ƙera babura kamar MV Agusta na Italiya da Honda na Japan suna son lashe kofi a kowane rukuni, ƙwararrun mahaya kuma ba su da yawa, don haka gwani ɗaya akan ɗora wa nauyin babura biyu ko uku. Su kuwa mahayan da ke cin gashin kansu, waɗanda ke yawo daga ƙasa zuwa ƙasa a Turai da babura a bayan mota, abin da suke rayuwa da shi shi ne kuɗin da masu shirya gasa ke biya ga duk wanda ya tsaya a layin tashi. Wanda ya shiga tsere biyu ya karɓi kuɗi sau biyu, ya samu na mai da na abinci zuwa gari na gaba.

Zamanin gwanaye masu babura da yawa

A shekarun 1950 zuwa 1970, cin kofin duniya biyu a shekara guda shi ne ma'aunin babban gwani. John Surtees na Birtaniya ya haɗa kambun 350 da na 500 a 1958 da 1959 da 1960. Giacomo Agostini na Italiya ya yi hakan shekara biyar a jere, daga 1968 zuwa 1972, kuma da wannan ne ya tara kambun duniya 15, takwas a rukunin 500, bakwai a rukunin 350, adadin da har yau babu wanda ya kamo.

Nahiyar Afirka ma tana da nata rabon a wannan tarihi. Gary Hocking, wanda ya wakilci Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yanzu, ya ci 350 da 500 a 1961. Jim Redman, shi ma daga can, ya haɗa 250 da 350 a 1962 da 1963, sannan a 1964 ya lashe tsere uku, na 125 da 250 da 350, a rana ɗaya a filin Assen na ƙasar Holan. Kork Ballington na Afirka ta Kudu ya ci 250 da 350 a kan Kawasaki a 1978, ya maimaita a 1979.

Amma sunan da ya fi fice a fasahar sauya babur shi ne Mike Hailwood na Ingila. A 1961, a gasar Tsibirin Man, ya zama mutum na farko da ya ci tsere uku cikin mako guda: 125 da 250 a kan Honda, sai 500 a kan Norton. A 1963, a filin Sachsenring na Jamus ta Gabas, ya ci 350 da 500 a kan MV Agusta, ya kuma ci 250 a kan MZ, babur da tsarin injinsa ya sha bamban da na sauran biyun. A 1967 kuma, a Assen, ya lashe 250 da 350 da 500 duk a yini ɗaya, inda jimillar tafiyar da ya yi cikin gudun tsere ta haura kilomita 400. A wancan zamani ana tayar da tsere ne da inji a kashe, sai mahayi ya tura babur ɗinsa da gudu ya tashi sannan ya ɗale. An ci gaba da wannan har zuwa 1987, saboda haka wanda ya shiga tsere uku sai ya yi turin sau uku.

Abin da ya sa sauyin ke da wuya

Babbar wahalar tana cikin sabon jiki. Mai tsere ba ya tsayawa yin lissafi kafin ya shiga kwana, jikinsa ne ya haddace inda zai taka birki, da giyar da zai sa, da yadda zai kwantar da babur, da lokacin da zai murɗa totur. Bayan ya yi zagaye ashirin a kan babur ɗaya, wannan haddar ta zauna daram. Da zarar ya hau wani babur a kan titin nan dai da idonsa ya saba da shi, duk ma'aunan sun canja, alhali kwanonin suna nan yadda suke.

Na farko shi ne wurin birki. Babban babur kan iso bakin kwana da gudun da ya ɗara na ƙarami nesa ba kusa ba, ga shi kuma ya fi nauyi, don haka dole a fara birki tun da wuri. Mahaya kan riƙe wata alama a gefen titi, allo ko shinge ko canjin launin kwalta, a matsayin wurin fara birki. Wanda ya sauko daga ƙaramin babur ya yi amfani da alamarsa a kan babba zai wuce kwanar ya faɗa cikin tsakuwa. Wanda ya yi akasin haka kuma zai rage gudu da wuri, abokan hamayya su wuce shi.

Na biyu shi ne layin da ake bi a cikin kwana. Ƙaramin babur ba shi da ƙarfin da zai dawo da gudun da ya zubar, saboda haka mahayinsa yakan zagaya kwana a faɗaɗe ba tare da rage gudu sosai ba. Babba kuwa ana tsayar da shi da ƙarfi, a juya shi a taƙaice, a miƙar da shi da sauri domin a saki ƙarfin inji. Murɗa totur ɗin da ƙaramin babur zai karɓa lafiya na iya sa tayar baya ta babba ta zame, idan kuma ta sake kama ƙasa kwatsam sai babur ya yi jifa da mahayinsa sama. Wannan nau'in faɗuwa na cikin mafi muni a tsere.

Na uku shi ne nau'in inji. Inji mai bugu huɗu, irin na yawancin baburan yau, yana rage gudu da kansa idan aka saki totur. Mai bugu biyu, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai kamar tsofaffin Basfa, ba ya riƙe babur haka, sai dai a dogara da birki, kuma ƙarfinsa kan zo ne gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan ne ya sa nasarar Hailwood ta 1963 a kan MZ mai bugu biyu da MV Agusta mai bugu huɗu ta zama abin ambato.

Na huɗu shi ne giya. Tsofaffin baburan Ingila da Italiya da yawa suna da giya a ƙafar dama, birkin baya a hagu, yayin da baburan titi na Japan suka zo da akasin haka. Ko a yau, yawancin baburan tsere ana juya musu tsarin giya: ta ɗaya a ɗaga sama, sauran a danna ƙasa, domin mahayi ya iya ƙara giya yana kwance a kwana ba tare da ya cusa ƙafa ƙarƙashin ƙarfen ba. Ƙafar da ta rikice ta rage giya a inda ya kamata ta ƙara na iya kulle tayar baya ko fasa inji. Saboda haka makanikai ke ƙoƙarin daidaita wurin kan babur da madogarin ƙafa da tsarin giya na duk baburan mahayi ɗaya su zo kusan iri ɗaya.

Sai kuma gajiya. Tsere ɗaya na kusan minti 40 cikin rigar fata yana zubar da gumi mai yawa, yana kuma gajiyar da damatsa saboda yawan matse birki. Ga lokacin gwaji da ke rabuwa biyu: mahayin rukuni biyu yana da babura biyu da zai daidaita wa shokazoba da taya da giya, alhali abokin hamayyarsa na da guda ɗaya.

Shekarar Freddie Spencer

Mutum na ƙarshe da ya haɗa kambun babban rukuni da wani a shekara ɗaya shi ne Freddie Spencer na Amurka, a 1985, yana da shekara 23. Ya fara shekarar da cin rukuni uku a gasar Daytona ta ƙasarsa, sannan ya shiga gasar duniya a rukunin 250 da 500 a kan Honda. Ya ci tsere bakwai a kowane rukuni, kuma a wasu filaye, ciki har da Mugello ta Italiya, ya lashe duka biyun a rana ɗaya. Babu wanda ya taɓa haɗa waɗannan kofuna biyu kafinsa ko bayansa. Sai dai daga shekarar da ta biyo baya ciwon wuyan hannu ya addabe shi, kuma bai sake cin ko da tsere ɗaya na gasar duniya ba. Mutane da dama a harkar na danganta hakan da nauyin da ya ɗauka a 1985.

Jorge Martinez na Sifaniya ya ci 80 da 125 a 1988, kuma daga kansa aka rufe babin cin kambu biyu a kakar wasa guda. An riga an soke rukunin 350 bayan 1982, yawan gasanni ya ƙaru, babura suka ƙara sarƙaƙiya, kamfanoni kuma suka gwammace kowane mahayi ya tsaya a kan babur ɗaya. A yau rukunan uku ne: Moto3 mai cc 250, Moto2 mai injin Triumph na cc 765, da MotoGP mai cc 1,000. Sun zama matakala da matashi ke hawa ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗa su a rana guda. Gasar da ta fara da zango shida a 1949 ta kai zango 22 a 2025, kuma tun 2023 kowane zango na MotoGP na da gajeren tsere ranar Asabar da babba ranar Lahadi.

Inda al'adar ta wanzu

Tsohon tsarin na nan da ransa a tseren da ake yi a kan titunan jama'a da aka rufe, musamman a Tsibirin Man da Ireland ta Arewa. Gasar TT ta Tsibirin Man, wadda aka fara a 1907, ana yin ta ne a kan hanya mai tsawon kilomita 60.7 da ta ratsa ƙauyuka da tsauni, tsakanin katangu da turakun wuta. Manyan mahaya kan zo da babura uku ko huɗu: Superbike, wanda aka yi wa gyara mai yawa, Superstock, wanda ya yi kusa da na kanti, Supersport mai matsakaicin inji, da Supertwin mai silinda biyu. A wasu ranaku akan yi tsere biyu, ɗaya da safe ɗaya da rana. Ian Hutchinson ya ci tsere biyar cikin mako ɗaya a 2010. Michael Dunlop kuma a 2024 ya zarce nasarori 26 da baffansa Joey Dunlop ya bari, kuma ya tara nasa ne a rukunai daban-daban a kan baburan kamfanoni da yawa.

A gasar North West 200, wadda ake yi a watan Mayu a titunan da suka haɗa garuruwan Portstewart da Coleraine da Portrush, tseren na zuwa ɗaya bayan ɗaya a yini guda. A nan ne Phillip McCallen ya ci biyar a rana ɗaya a 1992. A irin waɗannan hanyoyi babu filin tsakuwa da zai tare wanda ya makara wajen birki. Mahaya sama da 260 ne suka rasa rayukansu a kan hanyar Tsibirin Man tun daga 1911.

Sauyi ana tsakiyar tsere

A MotoGP sauya babur ya dawo ta wata ƙofar. Tayar da ake amfani da ita a busasshen titi sumul take, babu zane, domin ta kama ƙasa sosai, amma a kan ruwa santsi take yi. Tayar ruwa kuwa tana da zane mai zurfi da roba mai laushi, wadda ke narkewa cikin 'yan zagaye idan titi ya bushe. A da, idan ruwa ya sauko akan tsayar da tsere a sake tayarwa, abin da ke ɓata lokacin gidajen talabijin ya kuma rikita lissafin sakamako. A 2005 aka kafa dokar da ta ba da damar ci gaba da tsere: jami'ai su ɗaga farar tuta, daga nan kowane mahayi na da 'yancin shiga layin gyara ya hau babur ɗinsa na biyu. An fara amfani da dokar a 2006 a filin Phillip Island na Ostireliya, inda Marco Melandri ya yi nasara.

Kowane mahayin MotoGP na da babura biyu. Ana shirya na biyun da tayar da ta dace, a sassauta masa shokazoba idan na ruwa ne, a lulluɓe tayoyinsa da bargon lantarki domin su yi ɗumi. Ba a yarda a wuce gudun kilomita 60 a sa'a a layin gyara ba, makanikan da ke tarbar babur kuma dole su sa hular kwano. Sauka da hawan ba sa ɗaukar fiye da 'yan daƙiƙoƙi, tafiyar cikin layin ce ke cin lokaci. A Moto2 da Moto3 babur ɗaya aka yarda da shi. Haka ma a gasar Superbike ta duniya tun 2012, inda ake canja taya a maimakon babur.

Yanke shawarar lokacin shiga na wuyan mahayi, kuma ta sha juya sakamako. A 2013, a Phillip Island, sabuwar kwalta ta riƙa cinye tayoyi, sai aka rage tseren zuwa zagaye 19 aka wajabta sauya babur, da sharaɗin kada a wuce zagaye 10 a kan taya ɗaya. Marc Marquez ya ƙara zagaye guda, aka kore shi daga tseren, tazararsa a kan Jorge Lorenzo ta faɗo daga maki 43 zuwa 18. A ƙarshe da maki huɗu kacal ya ci kambun. A 2021, a Ostiriya, ruwa ya sauko saura 'yan zagaye, na gaba-gaba suka shiga sauyi, Brad Binder na Afirka ta Kudu ya ƙi shiga, ya lallaɓa da tayar rani a kan jiƙaƙƙen titi har ya ci tseren. A 2024 kuma, a Misano ta Italiya, yayyafi ya yaudari Jorge Martin ya shiga ya hau babur ɗin ruwa, yayyafin ya ɗauke, dole ya sake komawa. Ya ƙare a na 15, tazararsa ta ragu daga maki 26 zuwa bakwai, ko da yake shi ne ya ci kambun shekarar.

Zagayen farko bayan sauyi

Ko tsakanin tsere biyu ne ko a tsakiyar guda, zagayen farko a kan sabon babur shi ne mafi haɗari. Taya ba ta gama ɗaukar zafi ba. Birkin kabon da ake amfani da shi a MotoGP ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi. Tankin da ke cike ya sauya nauyin babur, hannu da ƙafa kuma suna nan da haddar wanda aka sauka daga kai. Shi ya sa tsarin tsere ya tanadi zagayen duba hanya da na ɗumama taya kafin tashi, ƙungiyoyi kuma ke atisayen sauya babur a ƙarshen lokutan gwaji. A ƙananan gasanni, inda mai son wasa kan shiga rukuni biyu a jere da babura biyu, akan shirya na biyun tun da wuri: a zuba mai, a duba iskar taya, a sa bargon ɗumi, a tabbatar jami'an bincike sun tantance shi, a kuma tanadi wanda zai karɓi na farkon.

Wannan ƙa'ida ta shafi duk mai hawa babur, ko da ba ɗan tsere ba ne. Wanda ya saba da roba-roba mara kulocin hannu ya ari babur mai kuloci, ko ya bar na haya ya hau mai babban inji, yana ɗauke da sabon tsohon a jikinsa. Gwada birkin gaba da na baya, da tabbatar da tsarin giya, da tafiya a hankali a kilomitocin farko, su ne matakan da zakarun duniya ma ba sa tsallakewa.

Daga 2027 za a rage injin MotoGP zuwa cc 850, kamfanin Pirelli kuma zai karɓi samar da taya daga hannun Michelin, wanda ke wannan aiki tun 2016. Mahayan rukunin za su sake koyon wuraren birki da yanayin kamun taya a duk filayen da suka saba da su.